Zauren karatun ma'aikatan littafi: yadda zaɓen abin karantawa ya kusa watsa shi

Wannan bayani ne a kan wani zauren karatu a ɗaya daga cikin biranen Arewacin Najeriya, wanda duk mambobinsa da littafi suke cin abinci: ma'aikatan laburare, masu ɗab'i, edita, mai duba kurakurai, da 'yan kasuwar littattafai. Ba za a ambaci sunan zauren ko na mutanensa ba. Abin da ke tafe ya fito ne daga kundin da magatakardar zauren take rubuta bayanin kowane zama, da kuma hira da wasu daga cikin mambobin.

Mafari: Maris 2022

Ranar 14 ga Fabrairu 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai watan Oktoba. Ma'aikatan laburaren jami'a masu matsayin malamai suna cikin ƙungiyar, saboda haka suka sami kansu a gida. Masu maɗaba'a ma kasuwa ta ja musu baya, tunda babu ɗalibai masu kawo kundin kammala digiri a yi musu ɗinki, babu kuma malamai masu hanzarin buga littafi don neman ƙarin girma.

A cikin wannan zaman ne wata babbar ma'aikaciyar laburare, wadda ta kusa ritaya, ta kawo shawarar a riƙa haɗuwa. Kokenta guda biyu ne. Na farko, suna wuni cikin littattafai amma ba sa karantawa. Na biyu, mai laburare da mai ɗab'i ba sa haɗuwa sai a wajen bikin ƙaddamar da littafi ko lokacin kwangilar kawo kaya, kuma a duka wuraren biyu maganar kuɗi ake yi.

Mutum 14 suka amsa: 7 daga ɗakunan karatu (na jami'a, na kwalejin ilimi, na gwamnatin jiha da na wata sakandare), 5 daga harkar ɗab'i, sai 'yan kasuwa 2, mace da namiji. Kowa yana karanta Hausa, akasari suna karanta Turanci, uku suna karanta Larabci da ajami. Aka tsayar da Asabar ɗin ƙarshen kowane wata bayan la'asar, a ɗakin karatun sakandaren. Aka zaɓi magatakarda. Yadda za a riƙa zaɓen littafi kuwa ba a tattauna shi ba sam. Kundin ya nuna wani ya tayar da maganar, aka ba shi amsa da raha: "Mu da muke cikin littafi tsundum, zaɓe ne zai gagare mu?"

Azumi ya kama a farkon Afrilu, sai aka ɗage farawa zuwa Mayu.

Kowa ya kawo abin da ke hannunsa: Mayu zuwa Agusta 2022

Littafin farko ya zo da kansa. Ɗaya daga cikin masu ɗab'in ya shigo da kwali ɗauke da kwafi 14 na wani sabon ƙagaggen labari da kamfaninsa ya fitar, ya raba kyauta. Ba wanda ya ga aibin haka. A zaman Mayu mutum 13 suka zo, aka yi ta yabo da sa albarka. Wata na biyu mai ɗab'i na biyu ya ce ai layi ya zo kansa. Wata na huɗu kuma wani ma'aikacin laburaren kwaleji ya kawo tarin muƙalun da ya haɗa ya buga.

Zaman Yuli shi ne wanda mambobi suka fi tunawa. Littafin labari ne na wata mata da rikicin gidan aurenta. An kwashe kusan awa biyu ana magana, kuma maganar ta yi armashi. Mai maɗaba'a ya ɗaga shafi ɗaya a hasken taga ya nuna yadda rubutun baya yake lekowa, ya ce takardar ba ta kai nauyin da ya kamata ba. Wani ya lanƙwasa littafin ya nuna gam ɗin ɗinkin ba zai jure aro biyar ba. 'Yar kasuwar ta ce bangon ya yi duhu, ba zai ja ido a kan tebur ba. Ma'aikatan laburare suka shiga tasu muhawarar a kan inda za a ajiye shi: na ɗakin karatun jiha yana maganar lamba 893.72 ta tsarin jera littattafai na Dewey, na jami'a yana maganar rukunin PL na tsarin Laburaren Majalisar Amurka. An kusa tashi sai wani matashi, mafi ƙarancin shekaru a zauren, ya ce: "Ranku ya daɗe, ni fa ban gane ƙarshen ba. Ta koma gidan mijin ne ko ba ta koma ba?"

Aka yi tsit. Cikin mutum 12 babu wanda ya iya ba shi amsa sai wanda ya buga littafin.

Akwai kuma abin da bai shiga kundin ba sai daga baya. Mai duba kurakuran ta lura littafin cike yake da baƙaƙen da aka bari babu ƙugiya, da kalmomin da aka haɗe inda ya kamata a raba. Ba ta ce uffan ba, domin mai littafin yana cikin masu ba ta aiki. Kara ta hana manya magana, neman abinci ya hana ƙanana. Zuwa Agusta zauren ya zama ƙaramin bikin ƙaddamarwa, sai dai ba a kiran gudummawa.

Ƙuri'a: Satumba zuwa Disamba 2022

Bayan zaman Agusta aka yarda a koma ƙuri'a. Kowa yana da damar kawo suna a dandalin WhatsApp na zauren, wanda ya fi samun goyon baya shi za a karanta. Sunaye suka yi ta zubowa, wani watan su haura 20.

Abin da ya riƙa cin zaɓe iri ɗaya ne: littafi mai kauri, da Turanci, wanda ya yi suna. Na Satumba shi ne Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG mai dala 100,000 a 2016. Babu kwafinsa a kantunan garin, sai da aka yi oda daga Abuja, kuma bai iso ba sai ana saura kwana goma a zauna. Waɗanda suka karanta shi sun ji daɗin tattaunawar, amma ba su kai rabin waɗanda suka zaɓe shi ba.

A Nuwamba ƙuri'a ta faɗa kan wani littafin tarihi da aka daina bugawa. Aka nema ko'ina ba a samu ba. Wani daga ɓangaren laburare, da kyakkyawar niyya, ya turo hotonsa gaba ɗaya a dandalin. Nan masu ɗab'i suka yi caa. Ɗayansu ya rubuta: "Malam, wannan abin da ka yi shi ne yake kashe mu. Idan a zauren masu littafi ma ana yi, wa za mu hana?" Wanda ya turo ya ce shi aikinsa isar da ilimi ga mai nema, kuma littafin da babu shi a kasuwa ba a tare wa kowa ciniki ba. Kowannensu yana da hujja a cikin sana'arsa, kuma ba a warware ba. An goge hoton, zaman watan ya tashi babu littafi.

Ƙuri'ar ta kuma fito da wani rabuwar kai da ba a zata ba. Duk lokacin da 'yan laburare 7 suka haɗa baki sai sun rinjayi masu ɗab'i 5, ya zamana 'yan kasuwa biyun nan kowa zawarcinsu yake yi. Ga shi yajin aiki ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, jami'o'i suka matse zangon karatu don cike giɓi, aiki ya yi wa 'yan laburare yawa. Masu zuwa suka ragu zuwa 7 ko 8.

Jerin tsofaffin littattafai: Janairu zuwa Yuni 2023

Mataki na uku shi ne kwamitin dattawa uku, waɗanda aka ɗora wa fitar da jerin wata shida a lokaci guda. Sun koma tushe. Sun ɗauko daga littattafan da suka fito a gasar rubutun da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a 1933 a ƙarƙashin hukumar fassara ta Zariya, wato irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka ƙara da Magana Jari Ce. Hujjarsu mai ƙarfi ce: akwai su a kowane laburare, sirara ne, ba su da tsada, kuma marubutansu sun riga mu gidan gaskiya, babu batun jin nauyin kowa. Lokacin ma ya dace da su, domin a farkon 2023 ne canjin kuɗi ya jefa mutane cikin ƙarancin takardun naira, ba mai sararin sayen sabon littafi.

A zaman Janairu magatakarda ta shigo da wani ɗan tsari da ya zama mafi amfani a duk tarihin zauren. Ta yayyanka takarda ta raba, ta ce kowa ya rubuta shafin da ya tsaya a wannan karon, kada ya sa suna, ya ninke ya jefa a kwano. Ranar Ruwan Bagaja mutum 11 suka zo. Takardu 3 ne suka nuna an sake karantawa. Sauran, da hannu daban-daban, kusan abu ɗaya suka rubuta: an karanta a sakandare.

Tattaunawar ma haka ta kasance. Aka yi ta tuna malaman Hausa na da, aka maimaita abin da aka haddace don jarrabawa: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo. Zaman Fabrairu bai yiwu ba, domin Asabar ɗin ƙarshen watan, 25 ga wata, ita ce ranar zaɓen shugaban ƙasa. Na Maris kuma azumi ya cinye shi.

Da aka dawo a ƙarshen Afrilu 'yar kasuwar ta fasa ƙwai. Ta ce wa shugabar kwamitin: "Hajiya, shekara guda muna zama, abin da nake sayarwa kullum bai taɓa shigowa ɗakin nan ba." Tana nufin littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano, waɗanda suka fara bunƙasa tun tsakiyar shekarun 1980, mata suka yi fice a rubuta su, ake fitar da su kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, da yawansu babu lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, wasu ko shekarar bugu babu. Shugabar ta amsa cewa irin waɗannan ba a yi su don kantar laburare ba, ko rajistarsu ma wahala ce. 'Yar kasuwar ba ta ja ba, amma ba ta zo zaman Mayu ba.

Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kuɗin mota ya ninka. Zaman Yuni mutum 4 ne suka halarta.

Tsayawa: Yuli da Agusta 2023

Wata biyu ba a zauna ba. A wannan tsakanin magatakarda ta bi mambobi ɗaya bayan ɗaya, wasu a waya wasu a wurin aiki. Ba ta tambaye su me ya kamata zaure ya karanta ba, don ta san amsar da za a ba ta. Tambayarta ita ce: a shekarar nan, wane littafi ka karanta har ƙarshe don kanka?

Amsoshin ba su yi kama da komai a jerin zauren ba. Akwai ƙananan littattafan addini, akwai tarihin rayuwar wasu shugabanni, akwai labaran da ake saki kashi-kashi a waya, kuma masu bin waɗannan na ƙarshe sun haɗa da ma'aikatan laburare uku da ba su taɓa ambatar haka a bainar jama'a ba. Daga cikin littattafai 12 da zauren ya sa a gaba, babu ko ɗaya irin waɗannan.

Ta kuma koma kundinta ta jera littattafan, ta rubuta yawan shafin kowanne da ranar da ya shiga hannun mutane. Duk wanda ya haura shafi 200, ko ya iso ana saura ƙasa da mako biyu, kundin ya nuna mutum biyu ko uku ne suka riƙe maganar ranar.

Sabon tsari: Satumba 2023

Mutum 12 suka zo zaman gyara. Abin da aka fi daɗewa a kansa shi ne wa zai zaɓa. Aka watsar da ƙuri'a da kwamiti, aka koma mutum biyu-biyu: ɗaya daga laburare, ɗaya daga ɗab'i ko kasuwa. Aka rubuta sunaye aka jefa a kwanon nan aka zaro, kowane biyu suka san lokacinsu tun daga ranar. Su biyun sai sun yarda da juna, kuma idan sun yarda ba mai ɗaukaka ƙara.

Sharaɗin da ya ta da ƙura shi ne na hana duk littafin da wani mamba yake da hannu a ciki, ko rubutawa, ko tacewa, ko bugawa. 'Yan kasuwa aka sassauta musu tunda komai suna sayarwa, da sharaɗin su bayar a kuɗin sari. Mai ɗab'in da ya kawo kwalin farko ya ce: "To idan ba za a karanta namu ba, zaman me muke yi?" Aka ba shi zaɓin a keɓe zama ɗaya a shekara don littattafan 'yan gida, mai littafin ya fita waje a awa ta farko. Bai gamsu ba, kuma daga ranar bai sake zuwa ba.

Sauran sharuɗɗan ba su ɗauki lokaci ba. Ba a faɗin sunan littafi sai kwafi 4 suna kan tebur. Za a riƙa sayensu daga asusun da kowa yake zuba naira 1,000 a wata. Zama ya koma bayan kowane mako shida, da safiyar Asabar zuwa azahar, ta yadda kwafi ɗaya zai zagaya mutum uku, kowa mako biyu. Bayan an gama, kwafin ya shiga ɗaya daga ɗakunan karatun mambobi bi da bi. Littafi kada ya wuce shafi 150, in ya wuce a ware babobi. Ba zama cikin azumi.

Sai abu biyu da suka shafi zaman kansa. Masu zaɓe za su haɗa littafin da tambaya ɗaya wadda ba a iya amsa ta daga bango ko gabatarwa. Maganar takarda, ɗinki, bango da lambar kantar laburare kuwa an kulle ta sai minti 20 na ƙarshe.

Yadda ya gudana: Oktoba 2023 zuwa Disamba 2024

Zarowar farko ta haɗa shugabar tsohon kwamitin da 'yar kasuwar, abin da ya ba kowa dariya. Sun yi mako guda suna ja-in-ja kafin su tsaya a kan Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga fassarar a 2012. Kowacce ta sami abin da take so: ɗaya ta sami littafin kasuwa, ɗaya ta sami littafin da duniya ta san da shi. Na Hausar sai da 'yar kasuwar ta bi tsofaffin abokan cinikinta, har da wani da ya taɓa riƙe shagon hayar littattafai, kafin ta haɗa uku. Na Turancin guda ɗaya aka samu aro.

Tambayar da suka bayar ita ce: idan kuɗin kwafi ɗaya gare ka, wanne za ka sa a kantar laburare, na Hausa ko na Turanci, kuma don wa? Mutum 11 suka zo, takardun kwano suka nuna 9 sun kai ƙarshe. Editan ya zo da littattafan biyu da alamomi a gefen shafi, yana nuna wuraren da zafin maganar kishiyoyi ya huce a fassara da wuraren da bai huce ba. Mai duba kurakuran ta yi magana a karon farko tun kafa zauren, ta daɗe tana yi. Ma'aikacin laburaren sakandare ya ce ɗalibansa mata za su yi rububin na Hausar, amma sai ya fara shawo kan shugaban makaranta. Har azahar ta yi ba a kai ga minti 20 na takarda da bango ba.

Na biyu ya fi wahala. A ƙarshen Nuwamba 2023 manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ta rufe, abin da ya sa masu zaɓen lokacin suka ɗauko wani labari da ba a taɓa bugawa a takarda ba, wanda marubuciyarsa take saki a waya. Don kada a maimaita rigimar bara, suka nemi izininta, aka tura mata kuɗin kowane mai karatu daga asusu, aka tsaya a kashi 20 na farko. Tambayar ita ce: bayan shekara 20, ina mai bincike zai sami wannan labarin? 'Yan laburare suka yi bayanin dokar 1970 da ta wajabta wa mai ɗab'i ya kai kwafi 3 na duk abin da ya buga Babban Laburaren Ƙasa, wanda kuma shi ne yake ba da lambar ISBN a Najeriya. Biyu daga cikin masu ƙananan kamfanonin suka ce ba su taɓa kaiwa ba, kuma daga baya suka fara. Ɗayansu ya tuntuɓi marubuciyar da tayin buga labarin. Ta yi lissafi ta ce abin da take samu a waya ya fi, ta ƙi.

Ba duka ne suka tafi daidai ba. Wani tarin waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 ya cika dukkan sharuɗɗa, gajere ne, akwai kwafi, amma mutum 4 ne kawai suka gama. Ranar zaman ɗaya daga masu ajami ya rera baitoci kaɗan, nan take ɗakin ya farfaɗo, aka gane waƙa a kunne take shiga. An rubuta cewa nan gaba in waƙa ce a karanta ta tare a wurin. Wani ɗan littafi a kan tafiyar da laburare ma bai karɓu ba: 'yan laburare sun san abin da ke ciki, masu ɗab'i ba ruwansu.

Asusu ma ya sha matsa. Bayan sakin naira a Yuni 2023, wato barin kasuwa ta tsayar da darajarta, dala ta haura naira 1,500 a Fabrairu 2024. Takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita, tunda masana'antun Jebba, Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, saboda haka farashin littafi ya bi dala. Aka ninka kuɗin wata, sau biyu kuma aka yi maneji da kwafi 3.

A wannan tsakani an zauna sau 8. Masu zuwa ba su gaza 9 ba, ba su wuce 12 ba. In ban da zama biyun nan da ba su tafi daidai ba, waɗanda suka kai ƙarshen littafi ba su taɓa gaza kashi biyu cikin uku na mahalarta ba.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina matsalar zauren nan ba ta ɗanɗano ba ce, ba kuma ta ƙarancin littattafai ba. Mutanen da sana'arsu littafi ce suna iya yin awa biyu suna magana mai ma'ana a kan littafin da ba su buɗe ba, kamar dillalin shanu da zai faɗa maka nauyin sa da kuɗinsa daga kallo alhali bai taɓa ɗanɗana namansa ba. A zauren malamai ko na ɗalibai, wanda bai karanta ba shiru yake yi, shirun ya tona shi. A nan wanda bai karanta ba yana da takarda, bango, farashi da lambar kanta da zai fake da su. Hanyoyi ukun farko kowacce ta ƙara buɗe wannan mafaka ne: kyautar 'yan gida ta sa yabo ya wadatar, ƙuri'a ta sa mutum ya zaɓi abin da yake so a ce ya karanta, tsofaffin littattafai kuma suka ba da damar magana daga tunanin ƙuruciya.

Saboda haka abin da na fi ba muhimmanci a sabon tsarin shi ne tambayar da ke rakiyar littafi da kulle maganar sana'a zuwa ƙarshe. Su ne suka sa karatu ya zama dole. Takardun kwano kuma suka sa aka san gaskiyar lamari ba tare da an ci fuskar kowa ba, abin da a wurin da manya da ƙanana suke zaune tare ba ƙaramin abu ba ne. Da an ce kowa ya ɗaga hannu, da kowa ya ɗaga.

Haɗa mutum biyu ya yi aiki ne saboda kowannensu yana riƙe da rabin sani. Mai laburare ya san abin da ake aro da abin da ya shekara goma ba a taɓa ba. Mai ɗab'i da ɗan kasuwa sun san abin da ake cire kuɗi a saya da inda za a samo shi. A ƙuri'a waɗannan sani biyu karo suke yi, mai yawa ya ci. Da aka tilasta musu fitar da suna ɗaya, sai da kowa ya saurari ɗan'uwansa. Sharaɗin kwafi a tebur kuwa ya kawar da jinkiri da rigimar haƙƙin mallaka a lokaci guda, ko da yake ya taƙaita zaɓe ga abin da ake iya samu, har wasu littattafan da suka cancanta suka faɗi saboda babu su.

Ba zan ce tsarin ne kaɗai ya jawo sauyin ba. Rage zama zuwa mako shida ya sauƙaƙa kuɗin mota, kuma waɗanda suka rage bayan Yuni 2023 dama su ne masu son abin da gaske. Akwai kuma abin da aka yi asara. Mai ɗab'in da ya fita bai dawo ba, kuma shi ne mafi yawan fitar da sababbin littattafan Hausa a cikinsu. Zaman littattafan 'yan gida da aka yi alkawari an sa masa rana sau biyu ana ɗagawa, domin har yanzu ba a sami wanda ya yarda a fara da nasa ba. Iyakar shafi 150 ta kori manyan littattafan tarihi kusan gaba ɗaya, kuma biyu daga cikin 'yan laburaren jami'a sun nemi a sake duba ta a zaman farko na 2025.